Battocin Taba na Gora a Tsohuwar Ƙasar Sin

Battar tabar shaƙa ta Sinawa 'yar mitsitsiyar aba ce da ke ɓacewa cikin tafin hannu idan aka dunƙule shi. Tsawonta yakan kama daga santimita 5 zuwa 7. Tana da ciki, da ɗan gajeren wuya, da baki wanda sau da yawa ko fensir ba zai shige shi ba, sai murfi mai matoshi da aka dasa wa siririn cokali mai nutsewa har gindin battar. Sinawa suna ce mata biyanhu, ma'ana tulun hayaƙin hanci. Turawa sun sa mata suna kwalba saboda siffarta, amma aikinta na batta ne, irin ta fata da tsofaffi ke zuba garin taba a ciki a ƙasar Hausa, don haka sunan batta ya fi kama ta. An yi ta da kusan duk abin da hannun ɗan Adam ke iya sarrafawa: gilashi, tangaran, tagulla, hauren giwa, ƙaho, murjani, yumɓu, ƙoƙon kwakwa, da dutsen nan mai tsada da Sinawa ke kira yu. A cikin jerin nan babu abin da ya kai gora araha. Da ita manomi ke kafa rumfa, ya saƙa kwando, ya fere tsinken cin abinci, tohonta kuma ya shiga tukunya. Duk da haka, tsohuwar battar gora tana da masoya na musamman, waɗanda idan aka jera musu battoci goma, a kanta hannunsu zai fara sauka.

Gorar da ake nufi a nan ita ce mai gaɓa-gaɓa, wadda ake yin sanda da ita, ba goran duma na ɗibar ruwa ba. A rubuce kalmomin iri ɗaya ne, a baki ne karin sauti ke raba su. Rarrabewar tana da amfani, domin Sinawa sun yi battoci da ƙananan 'ya'yan duma ma, har sukan rufe ɗan duma cikin mazubi tun yana ɗanye a jikin yaɗo, ya girma ya ɗauki zanen da ke jikin mazubin. Wannan wani fanni ne dabam.

Yadda taba ta haifi batta

Taba 'yar nahiyar Amurka ce. Ta isa gaɓar tekun kudancin Sin wajen ƙarshen ƙarni na 16, ta hannun fataken Fotugal da kuma jiragen ruwa masu zirga-zirga tsakanin Manila da lardin Fujian. Da lofe aka fara shanta, ta kuwa bazu da sauri har masu mulki suka tsorata. A shekarun 1630 sarkin ƙarshe na daular Ming ya haramta ta, sarkin Manchu da ke can arewa shi ma ya kafa mata doka, ba kuma wanda dokarsa ta hana ta yaɗuwa. Manchu suka ci birnin Beijing a 1644, daularsu ta Qing (ana furta sunan kamar Cing) ta riƙi ƙasar har 1912, kuma a zamaninta ne tabar shaƙa ta sami gindin zama a fada. Magani aka ɗauke ta, na mura da ciwon kai da toshewar hanci. Ana niƙa ganyen ya yi lukui, a gauraya shi da na'ana'a ko kafur ko miski ko furanni masu ƙamshi. Wadda ta fi tsada daga ƙetare take zuwa, da yawa daga Brazil ta hannun 'yan Fotugal.

An rubuta cewa a 1684, lokacin da Sarki Kangxi ya kai rangadi kudu ya sauka a Nanjing, wasu limaman Kirista Turawa sun kawo masa gaisuwa, ya mayar musu da sauran kayan ya riƙe tabar shaƙa. A 1696 ya kafa ma'aikatar gilashi a fada ƙarƙashin wani limami Bajamushe, Kilian Stumpf, kuma battoci na cikin abin da take fitarwa. Ɗan Kangxi, Yongzheng, da jikansa Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, sun ɗora a kai, har batta ta zama kyautar da sarki ke yi wa hakimi ko jakada.

Bature a ɗan akwati mai murfi yake zuba tabarsa, ya buɗe ya tsakura da yatsu biyu. Akwatin bai karɓi ƙasar Sin ba. Damina can tana da laima mai yawa, murfin akwati ba ya rufuwa ruf, sai garin ya dunƙule, ƙamshin ya gudu. Sinawa kuwa dama suna da ƙananan kwalabe na zuba magani, sai aka ɗauki wannan siffa aka ƙara mata cokali. Mai shaƙa yakan zaro cokalin da ɗan gari, ya zuba a bayan hannu ko a kan wani ɗan faranti da bai wuce faɗin kwabo biyu ba, sannan ya kai hanci.

Abin da ya ɗaga darajar batta shi ne al'adar miƙa ta. Idan manya suka haɗu, bayan gaisuwa sai mai gida ya miƙa wa baƙo battarsa, kamar yadda ake miƙa goro. Baƙon ba zai tsaya ga shaƙa kawai ba. Zai juya battar, ya duba aikin, ya shafa, ya yaba. Ke nan batta tana ba da labarin mai ita kafin ya buɗe baki. Wanda ya miƙa ta gilashin fada mai hatimin sarki ya nuna kusancinsa da gadon sarauta. Wanda ya miƙa ta dutse mai tsada ya nuna aljihunsa. Wanda ya miƙa ta gora kuwa wata magana ce dabam yake yi, kuma sai an san matsayin gora a tunanin Sinawa ake jin ta.

Gora a idon ma'abota alƙalami

Kafin takarda ta yaɗu, a kan tsagin gora Sinawa ke rubutu, a jera tsage-tsagen a ɗaure da zare su zama littafi. Ƙotar alƙalaminsu na gashi ma gora ce. Malamai da ma'aikatan sarauta, waɗanda sai sun ci jarrabawa mai wuya kan littattafan magabata kafin a ba su muƙami, sun daɗe suna ganin halin mutumin kirki a jikin wannan tsiro. Tana miƙewa sak. Iska na lanƙwasa ta, ta kwanta ta tashi ba ta karye ba. Ganyenta ba ya kaɗewa da sanyi. Cikinta fayau yake, wannan kuwa suka fassara da tawali'u, zuciyar da ba ta cika da kanta ba. Kalmar da suke kiran gaɓar gora da ita, jie, ita ce kuma kalmar riƙon mutunci da amana. A zane-zanensu gora na cikin tsirrai huɗu da suke kira dattawa, tana kuma cikin abokai uku na lokacin sanyi. An daɗe ana ba da labarin wasu masana bakwai na ƙarni na 3 da suka guje wa rikicin fada suka riƙa taruwa a kurmin gora suna waƙa da kiɗa da muhawara. Masu zane irin su Wen Tong a ƙarni na 11 da Zheng Banqiao a ƙarni na 18 da zanen gora suka yi suna.

Saboda haka battar gora a hannun babban mutum tana cewa mai ita ya wuce a burge shi da ƙyalƙyali. Akwai ɗan alfahari a ɓoye cikin wannan sauƙin kai, ba shakka, domin battar gora da ta fito daga hannun gwani tana iya fin ta dutse kuɗi. Amma ko da riya ta shiga, ɗanɗanon da ya haifar na gaske ne, kuma shi ya tsara kamannin battocin: launi mai sanyi, ado kaɗan, siffa mai bin halittar abin da aka sassaƙa.

Masassaƙan Jiading da na Nanjing

Sassaƙar gora ta riga tabar shaƙa zama fasaha. A garin Jiading, wanda yau yake cikin yankin birnin Shanghai, wani mutum mai suna Zhu He ya kafa salo a ƙarni na 16, ɗansa Zhu Ying da jikansa Zhu Zhizheng suka gaje shi. Su ukun sun iya zane da rubutu kafin su kama wuƙa, kuma aikinsu zurfi ne da shi: sukan haƙa jikin gora hawa-hawa, mutane a gaba, bishiyoyi a bayansu, duwatsu can ƙurya, duka cikin kaurin da bai kai yatsa ba. A Nanjing kuwa Pu Zhongqian, wanda aka haifa a 1582, ya bi wata hanya. Yakan zaɓi guntun gora mai siffa ta ban mamaki, ya taɓa shi da wuƙa nan da can, ya goge, ya ajiye. Waɗannan hanyoyi biyu, ta cika aiki da ta taƙaita shi, su ne har yau ake auna sassaƙar gora da su. Sunan Jiading ya kai fada: a 1703 aka kira Feng Xilu, gwanin sassaƙa saiwar gora, ya je Beijing ya yi wa Sarki Kangxi aiki. A 1807 wani malami, Jin Yuanyu, ya tattara tarihin masassaƙan garin a littafi guda.

Babban aikin waɗannan mutane kayan teburin malami ne: gidan alƙaluma, matashin da ake ɗora hannu a kai lokacin rubutu, gidan turare, ƙotar mafici. Batta ta shigo daga baya, a matsayin ƙaramin aiki na gefe, shi ya sa battocin gora ba su kai na gilashi ko na tangaran yawa ba ko kusa. Ga kuma rashin ƙarko. Dutse yana shekara dubu, gora kuwa tana tsagewa, ƙwaro yana cinta, wuta ba ta barinta. Waɗanda suka tsira galibi na ƙarni na 18 da na 19 ne.

Saiwa, kara da ɓawon ciki

Gora dangin ciyawa ce, 'yar'uwar dawa da rake, kuma ba ta da zoben shekaru irin na itace. Jijiyoyi ne miƙaƙƙu ke bin tsawonta. Wanda ya taɓa datse rake ya dubi bakin yankan ya ga 'yan ɗige-ɗige ya ga irin abin da ake gani a gora. Idan aka yanka ta a kwance, ɗige-ɗigen kan fito kamar an barbaɗa riɗi. Idan aka bi tsawonta, sai su zama siraran layuka kamar gashi. A jikin batta mai zagaye ana samun duka biyun: layuka a ciki, su rikiɗe su zama ɗigo a kafaɗa inda wuƙa ta karkata. Wannan zane ba wanda ya yi shi, kuma babu battoci biyu da nasu ya zo ɗaya. Shi ne kuma shaidar farko ta cewa abin gora ne, ba katako ko roba ba.

Irin da aka fi sassaƙawa ita ce babbar gorar kudancin Sin da ake kira maozhu, mai haura mita 20, wadda a ganiyar tohonta takan ƙara kusan mita guda a yini. Da sanyi ake sararta, lokacin da ruwan jikinta ya ja baya ƙwari kuma suka yi ƙaranci. Ana zaɓar wadda ta shekara uku zuwa biyar, a dafa ta ko a wanke maiƙon jikinta, a shanya a inuwa ta daɗe tana bushewa. Wadda za ta tsage gara ta tsage tun a rumbu, kafin a ɓata mata wata guda na aiki.

Battocin gora kashi uku ne. Na farko, kuma wanda ya fi ɗaukar ido, na saiwa ne. Gindin gora da ke cikin ƙasa ba fayau yake kamar kara ba. Cikakke ne ko kusa da haka, gaɓoɓinsa a matse, jikinsa duk ƙulu-ƙulu inda ƙananan jijiyoyi suka fito. Masassaƙi yakan daɗe yana juya guntun kafin ya yanke abin da zai zama. Mai lanƙwasa ya zama yalo ko kwanson wake. Mai ƙugu a tsakiya ya zama gyaɗa ko ɗan duma. Mai yatsu ya zama lemon nan da Sinawa ke kira hannun Buddha. Mai ƙuraje ya zama kwaɗo, tabon jijiyoyin su zama ƙurajen bayansa, ko kututturen tsohuwar bishiya mai ɓawo a farfashe. A nan ake gane gwani: wurin da wani zai ɗauka aibi ne ya goge, shi sai ya mai da shi idon dabba ko kumburin reshe. Daga nan sai aikin da ba a gani, wato rarake ciki ta wannan ɗan bakin, da siraran ƙarafa masu lanƙwasasshen kai, a hankali, har bangon ya yi sirara battar ta yi sakayau. Masu tara battoci sukan zura siririn tsinke su lalubi kafaɗun ciki. Wadda aka rarake har lungu an yi ta ne don ta ɗauki taba. Wadda aka huda mata rami miƙaƙƙe kawai don a sayar wa baƙo aka yi ta.

Kashi na biyu na kara ne. Ana yanko 'yar siririyar gora a bar gaɓa ɗaya a ƙasa, tunda gaɓar dama a toshe take, ta zama gindin batta ba tare da an liƙa komai ba, sai a sa mata kafaɗa da wuya a sama. Jikinta shafaffe ne, ya dace da rubutu da zane. A nan ake amfani da dabarar da ake kira liuqing, wato barin kore, wadda ake danganta ƙwarewarta da Zhang Xihuang. Fatar waje ta gora ba ta kai kaurin farce ba. Mai aiki yakan zana hoto a kanta, ya kankare duk abin da ke kewaye, hoton ya rage a fatar, filin baya kuma ya zama naman ciki. Ranar da aka gama, bambancin launin kaɗan ne. Da shekaru suka tura, naman ciki yana duhu da sauri, fatar kuwa tana tsayawa fari-fari kamar hauren giwa, sai hoton ya riƙa fitowa yana ƙara haske. Gwanaye sukan kankare fatar rabi-rabi a wasu wurare don hazo ko nisan dutse ya fito. Mai sassaƙa irin wannan ya san cikar kyawun aikinsa sai bayan ransa.

Akwai kuma gora mai dabbare-dabbare, wadda ba ta bukatar ado. Almarar Sinawa ta ce hawayen matan Sarki Shun biyu ne suka ɗiga a kanta a bakin kogin Xiang bayan rasuwarsa, tabon bai goge ba.

Kashi na uku ya sha bamban da sauran, domin na fada ne. Cikin karan gora akwai wani siririn ɓawo mai ruwan ƙwai. Ana raba shi da sauran naman, a dafa, a danne ya miƙe kamar takarda, a liƙa shi a jikin battar da aka riga aka sassaƙa da katako, sannan a goge. Sunan aikin zhuhuang, rawayar gora. Wani lokaci a kan ɗora hawa na biyu da na uku masu ɗan bambancin launi, a yanke su da siffar ganye ko fure ko zanen tsofaffin tukwanen tagulla. Abin da ke fitowa santsi ne da shi kamar hauren giwa, ba ɗigo, ba jijiya a fili. Wannan fasaha ta bunƙasa a zamanin Qianlong, wanda ya so ta ƙwarai. A cikin lambun da ya gina wa kansa a fadar Beijing tsakanin 1771 da 1776 akwai wani gini, Juanqinzhai, da aka yi wa ado da ita. A ginin nan akwai abin dariya kaɗan: shingen da ke kama da gora mai dabbare-dabbare katako ne mai tsada aka sassaƙa aka yi masa fenti, saboda gorar gaske ba ta jure bushewar iskar Beijing. Sarkin da ya mallaki komai ya sa an ɓatar da kamannin itace mai daraja don ya yi kama da kayan talaka. Da aka zo gyaran ginin, wanda aka kammala a 2008, sai da aka je kudu neman tsofaffin masu sana'a da ba su manta aikin ba.

Abin da hannu ke ƙarawa

Sabuwar gora fara ce mai ɗan rawaya, kamar karan dawa, ba ta da wani kwarjini. Kyawun tsohuwar batta rabinsa daga baya yake zuwa. Iska da haske suna sa gora duhu a hankali, maiƙon hannu da gumi suna shiga jijiyoyinta, gogayya da tufa da jakar da ake rataya ta a ɗamara tana kashe kaifin sassaƙar. Daga ruwan kara ta koma ruwan zuma, daga nan ruwan goro, wadda ta daɗe sosai kuma ta yi ja mai duhu kamar busasshen dabino. Sinawa suna kiran wannan sheƙi baojiang. Ba irin ƙyallin fenti ba ne da ke zaune a sama yana mai da haske. Kamar daga ciki yake tasowa. Wanda ya san ƙotar fartanyar da ta shekara ashirin a hannun manomi ɗaya, ko allon da ya ga ɗalibai da yawa, ko carbin katako na tsoho, ya san abin da ake nufi.

Sheƙin ba ya zuwa bai ɗaya, kuma a nan daɗinsa yake. Inda babban yatsa ke zama ya fi santsi da haske. Cikin ramukan sassaƙa ya fi duhu, don ƙura da maiƙo sun taru sun daskare. Gefen baki yakan ɗan cinye saboda shiga da fitar cokali. Idan aka buɗe murfi, wani lokaci akan ji ragowar ƙamshin taba da kafur na mutumin da ya rasu tun kafin a haifi kakan mai riƙe da ita. Battar gilashi yadda ta fito daga ma'aikata haka za ta zauna, illa ƙarzuwa. Ta gora kuwa kowane mai ita sai ya bar mata wani abu.

Akwai kuma abin da hoto ba ya nunawa. Dutse da gilashi sanyi gare su idan aka ɗauka, ga nauyi. Gora ba ta da nauyi, kuma nan da nan take ɗaukar ɗumin hannu. Sinawa suna da al'adar riƙe ƙaramin abu suna murzawa lokacin hira ko tunani, kuma an yi battocin ne da wannan a zuci. Shi ya sa mai kyau ba ta da kaifi ko tsinin da zai soki tafi ko ya kama aljihu. Sassaƙar da ta cika tarkace, komai wahalar da aka sha a kanta, ta kauce wa manufar.

Murfi ma yana da nasa hukunci. Galibi ana yin sa da murjani ko gilashi ko dutse mai launi, kuma ɗigon ja ko kore a kan jiki mai ruwan goro yana tayar da battar gaba ɗaya. A kan masu siffar 'ya'yan itace kuwa, an fi son murfin da aka sassaƙa kamar hannun da ɗan itacen ke rataye da shi a reshe, ta yadda ba a gane inda batta ta ƙare murfi ya fara. Murafu suna ɓata ana musanya su, don haka kaɗan ne ke tare da nasu na asali.

Adon da ke jiki yakan ɗauki fata na alheri, sau da yawa ta hanyar wasa da kalmomi masu sauti ɗaya. Jemage, wanda a wasu ƙasashe ake ƙyama, a Sin alamar sa'a ne, domin sunansa fu ya yi daidai da kalmar albarka. Gyaɗa tana nufin tsawon rai da yawan zuriya. Kwaɗo mai ƙafa uku, abokin wani waliyyin almara mai suna Liu Hai, na arziki ne. Sunan gorar kanta, zhu, ya yi kusa da kalmar yi wa mutum addu'a, saboda haka kyautar battar gora gaisuwa ce tun kafin a zana mata komai. Har masu aikin tangaran da dutse sukan yi battoci da siffar guntun gora mai gaɓa.

Gane ta gaske da adana ta

Sanin shekarun battar gora yana da wuya, tunda yawancinsu ba su da sa hannu ko kwanan wata. Masu sa hannun ma sai an yi hattara. Idan aka ga sunan ɗaya daga cikin Zhu uku na Jiading ko na Pu Zhongqian a gindin batta, lissafi kaɗai ya isa ya sa shakka: zamaninsu ya wuce kafin tabar shaƙa ta zama abin yayi. Masassaƙan baya sukan sa sunan magabata, wasu don girmamawa, wasu don ciniki. Masu jabu na yanzu kuma suna tsufar da sabuwar gora da rini ko hayaƙi ko mai. Irin wannan launin yakan kwanta bai ɗaya ko'ina, har inda hannu ba ya kaiwa, bakin sassaƙar kuma yana nan da kaifinsa a ƙarƙashi. Wani lokaci ɗanyen ƙyalle ma yana ɗebo shi.

Sigari ne ya kashe kasuwar tabar shaƙa a farkon ƙarni na 20, faɗuwar daular Qing a 1912 kuma ta watsa manyan da ke riƙe da al'adar. Battoci suka fita kasuwa, da yawa suka ƙetare teku. A Mongoliya dai har yau maza suna musayar batta da hannun dama wajen gaisuwa, musamman a bikin sabuwar shekararsu. A Turai da Amurka kuwa abin ya koma sha'awar tarawa: littafin Lilla Perry na 1960 ya jawo mutane da yawa, aka kafa ƙungiyar masu tara battocin Sin a Amurka a 1968, ɗakin adana littattafai na Chester Beatty da ke Dublin kuma yana da ɗaruruwansu. A 2011 an yi gwanjon wata battar gilashi ta fadar Qianlong, daga tarin Mary da George Bloch, a kan sama da dalar Hong Kong miliyan 25. Na gora ba sa kai wannan farashi. Na ɓawon ciki da aka yi wa fada su ne suka fi tsada a cikinsu.

Babban abokin gabar tsohuwar gora shi ne sauyin iska na farat ɗaya. Tana shan laima ta kumbura, ta bushe ta tsuke, idan abin ya zo da gaggawa sai ta tsage ta bin jijiya, ɓawon da aka liƙa kuma ya ɗago. Iska irin ta hunturu, ko ɗaki mai na'urar ɗumama, ko hasken rana kai tsaye, duk suna iya lalata ta cikin 'yan kwanaki. Gidajen tarihi suna ajiye ta a inda laimar iska ke tsayawa kusan kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Ba a wanke ta da ruwa, ba a shafa mata man goge katako, ba a kuma kankare duhun da ke cikin ramukanta. Ɗan farin gari a ƙarƙashinta alama ce ƙwaro ya shiga, sai a ware ta daga sauran nan take. A wajen masu tarawa na gida, akan naɗe ta da ƙyalle mai laushi a sa a ƙaramin akwati, a riƙa fito da ita lokaci-lokaci ana murza ta da hannu mai tsabta.